Robar da Aka Ɗaura wa Latifa

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Illela ranar Lahadi ya san rumfar Hasana mai kifi, ta uku daga bakin hanyar da ta nufi Konni. Shekara ashirin da uku ke nan tana suya a wuri ɗaya. Kifinta na tafkin Kalmalo ne, in ruwa ya ja baya kuma ta sayi wanda ake kawowa daga Nijar. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, hannayenta duk tabon ƙunar mai. A jikin ginshiƙin rumfar akwai ƙusa, a kan ƙusar kuma an rataye wata yankakkiyar roba irin wadda ake sawa a wuyan hannu. Da can ruwan ɗorawa ce, yanzu hayaƙi ya mayar da ita kusan baƙa. In baƙo ya tambaye ta ta mece ce, amsarta ɗaya ce: “Ɗauki kihinka ka tahi.”

An haife ta a Kalmalo a shekarar 1982, ita da 'yar'uwar tagwaitakarta Husaina. Ubansu masunci ne. A shekarar 2000 aka ɗaura musu aure rana ɗaya da wa da ƙane, 'ya'yan Malam Hamidu mai fataucin albasa a Illela. Hasana ta auri Yari, wanda ya gaji sana'ar ubansa. Husaina ta auri Mukhtari, mai ɗaukar fasinja a babur tsakanin Illela da Konni. Gida ɗaya aka kai su, ɗaki na kallon ɗaki, kuma kusan tare suka sami ciki.

A watan Janairu na 2001 wata babbar mota ta buge Mukhtari a hanyar Konni, ko shurawa bai yi ba. Da cikin ya tsufa sai aka mayar da su biyun Kalmalo wurin mahaifiyarsu don su haihu a gida. Ranar uku ga watan Mayu Hasana ta haifi namiji, aka sa masa Zulkiflu. Ranar sha biyu ga wata Husaina ta haifi mace da hantsi, jini ya ƙi tsayawa, kafin la'asar ta cika. Jaririyar ita ce Latifa.

A wurin zaman makoki ne Hasana ta ga abin da ya tsaya mata a rai har yau. Mata sun cika tsakar gida, ana miƙa jaririyar daga cinya zuwa cinya. Duk wadda ta karɓa sai ta shafa mata kai a hankali, ta ce, “Allah ya ba mu ladan maraya.” Haka aka saba, kowa ya taso yana jin cewa shafa kan maraya lada ne. Hasana tana kwance a kan tabarma da ɗanyen jego tana ƙidaya hannayen. Goma sha ɗaya. Jaririyar tana ta tsala kukan yunwa, ba wadda ta ce a ba ta nono. Da hannu na sha biyu ya taso sai ta miƙe.

“Ku ba ni ɗiyata.”

“Haba Hasana, ai lada muke nema,” in ji wata tsohuwa.

“Mai neman lada ya tahi masallaci. Ba bisa wagga ba.”

Ta karɓe ta, ta sa mata nonon dama, tun da Zulkiflu ya riga ya saba da na hagu. Da ta yi arba'in ta koma Illela da jarirai biyu, ɗaya a baya, ɗaya a kafaɗa.

Ta gaya wa Yari sharaɗinta, shi kuma ya bi unguwar ƙofa ƙofa yana roƙo. Yarinyar nan ba za a kira ta marainiya ba, ba za a shafa mata kai ba, ba wanda zai ba ta labari. Su da kansu za su gaya mata idan aurenta ya zo. Limamin unguwa ya yarda, da sharaɗin kada a jingina ta ga uban da ba nata ba. Saboda haka da aka kai su makaranta sai aka rubuta su duka biyun da sunan kakansu, Zulkiflu Hamidu da Latifa Hamidu. Cikin waɗanda Yari ya tsaya a ƙofarsu har da Maharazu, maƙwabcinsu na jikin katanga, wanda ke yi wa mai unguwa rubuce-rubuce. Maharazu ya dafa ƙirji ya ce, “Mun ji, mun ɗauka. Amana ta.”

Unguwa ta riƙe amanar shekara goma cif. Ana ce musu tagwayen Hasana. Da yaran suka yi wayo suka tambayi abin da ya sa ba a sa musu sunan tagwaye ba, sai ta ce ita ta ɗanɗana rabuwa da 'yar'uwar tagwaitaka, ba ta son jin sunan a gidanta. Ba su sake tambaya ba. Kwano ɗaya suke ci, kuma kullum sai an yi faɗa a kan kan kifi. Hasana takan kawo kai ɗaya daga rumfa ta jefa a miya, ba ta taɓa kawo biyu ba. Latifa ta fi saurin hannu, Zulkiflu ya fi ƙarfi. Wanda ya rasa ya yi kuka, wanda ya samu ya sha ranƙwashi. Kullum Latifa ce ta fi shan faɗa, domin ta fi baki, kuma Hasana ba ta taɓa rage mata ko kaɗan ba.

Baƙin sun zo ranar Talata, sha biyu ga watan Yuli na 2011. Su goma sha huɗu ne, yawancinsu samari da 'yan mata, daga wani coci a ƙasar Turawa. Irin waɗanda kan yi amfani da hutunsu ne su tafi ƙasashen talakawa su yi aikin sa kai. Masaukinsu yana tsallaken iyaka, suka shigo Illela na kwana uku da rakiyar 'yan sanda. Ba za a ce ba su yi aiki ba. Sun ɗiga wa tsofaffi maganin ido, sun gyara famfon makarantar firamaren unguwar, wanda har yau yake ba da ruwa. Amma babban abin da ya kawo su shi ne marayu. Tun kafin su iso sun aiko a rubuta musu sunaye. Mai unguwa ya ba Maharazu aikin. Maharazu ya rubuta suna arba'in da ɗaya. Latifa ce ta sha bakwai.

Da yake baƙin ba sa jin Hausa, kuma ba su san ɗan wane da ɗan wane ba, sai suka zo da dabararsu. Aka tara 'yan makaranta a fili, aka riƙa kiran suna, duk wanda ya fito a sa masa roba ruwan ɗorawa a wuyan hannu. Mai roba shi ke karɓar jakar makaranta da takalmi da gidan sauro, sa'annan ɗaya daga cikin 'yan matan ta rungume shi a ɗauke su hoto.

Hasana tana juya kifi a kasko wajen azahar sai ga Latifa a guje, jaka tana lilo a bayanta. Zulkiflu yana biye da ita, fuska a kumbure.

“Inna, dubi! Har da takalmi!”

“Wa ya ba ki?”

“Turawa. Kuskure sunka yi, ni ko na ci banza. Shi wanga ko tsinke bai samu ba.”

“Na marayu na,” in ji Zulkiflu. “Na ce ma malam ƙarya ta, Baba na nan da rai, Konni ya tahi da albasa. Sai 'yan aji sunka yi ta kallon juna. Wata ma ta ce innarta ta ce ba kuskure ba na.”

Latifa ta buɗe baki za ta yi dariya, sai ta dubi fuskar Hasana. Dariyar ba ta fito ba.

Hasana ta ajiye ludayin suya. Ta bar wa mai rumfar kusa kaskon, ta ce su wuce gida, ta karɓi jakar da takalmin ta nufi makarantar. Tana tafe tana tunani, kuma kafin ta kai ta sami mafita. In aka sa wa Zulkiflu irin robar, maganar ta mutu. Sai ta ce wa yaran na tagwaye ne, an manta da ɗaya.

Ta tarar da baƙin a gindin bishiyar bedi suna haɗa kaya. Mai yi musu fassara wani fasto ne Bahaushe daga Nijar, dattijo mai taushin murya. Ya saurare ta, ya juya ya yi wa wata Baturiya bayani. Yarinyar ba za ta wuce shekara ashirin ba, rana ta mayar da ita ja, an yi mata lalle a hannu. Ta duba takarda, ta yi murmushi, ta yi magana mai tsawo.

“Ta ce tana so ƙwarai,” in ji faston, “amma kayan na marayu ne, waɗanda suka tara su a can sun tara ne don marayu. In shi ma maraya ne, a faɗi ranar da ubansa ya rasu a rubuta.”

“Ubanai na da rai.”

“To, baiwar Allah, ba zai yiwu ba.”

“Ban son jaka, ban son takalmi. Ga nasu ma na maido. Robar kawai za ku ba ni. Roba guda.”

Aka sake fassarawa. Baturiyar ta ce robar a ƙidaye take daidai da sunaye, in aka ba wanda ba ya cikin takarda gobe za a rikice wajen rabon magani.

“Wato sai na kashe mijina da bakina kahin a ba ni wagga tsiya?”

Muryarta ta tashi, mutane suka fara matsowa. Cikin su har da Maharazu, da biro a aljihun gaba, an ba shi wata hula mai rubutun Turanci ya ɗora a kan tasa.

“Mi ya yi zahi, Hasana?”

Ta juyo gaba ɗaya. “Kai ka rubuta ta?”

“Ni na rubuta. Alheri na yi mata.”

“Maharazu, ba ƙoharka Yari ya tsaya ba? Ba kai ka dahe ƙirji ba? Ba ka ci naman sunanta ba, har ka aiko a ƙaro maka?”

“An ce a rubuta marayu, ita ko marainiya ta, ko kin so ko kin ƙi. Haƙƙinta na. In na tsallake ta, mi zan ce ma Allah? Ke ki hana yarinya rabonta don ki ji daɗin a ce kin haihi biyu?”

“Rabonta? Shekara goma ka taɓa ganin ta kwana da yunwa? Yaushe ka gan ta ba takalmi? Katanga guda ta raba mu, ka kasa leƙowa ka ce Hasana, ga abin da aka ce, in sa ko in bari? Kai dai an ce a cika takarda, kana son a ga taka ta hi ta kowa tsawo!”

Faston yana ta fassarawa a hankali. Da Baturiyar ta gane abin da ya faru sai ta rufe baki da hannu, hawaye suka zubo mata. Ta matso da hannuwa a buɗe. Hasana ta ja da baya.

“Ta ce ki yafe musu, ba su sani ba. Tana tambaya ko za ki bari ta yi miki addu'a.”

“Ka ce mata na san ba su sani ba. Abin da ya ba ni haushi ke nan. Sun ƙetaro ruwa, sun zo garin da ba su san kowa ba, sun tara ɗiyan mutane bisa rana sun yi musu alama kamar tumakin kasuwa. Ba wanda ya ce a kira uwayen da ke riƙon su. Ta riƙe addu'arta. Hoton ɗiyata nika so.”

Baturiyar ta ɗauko na'urar hoton, ta yi ta dannawa har ta kai kan Latifa, tana dariya, ta ɗaga hannu tana nuna robar. Hasana ta daɗe tana kallo. Sa'annan ta ce a goge, aka goge a gabanta. Ta ajiye jakar da takalmin a ƙasa ta juya.

A gida ta kama hannun Latifa ta yanke robar da wuƙar gyaran kifi. Yarinyar ba ta tambayi jakar ba.

Baƙin suka tafi ranar Alhamis, yara suna bin motarsu suna ɗaga hannu. Amma tun ranar Laraba unguwa ta ɗauka cewa amana ta ƙare. Da safe a bakin famfo wata tsohuwa ta ɗora hannu a kan Latifa ta shafa, ta ce, “Allah ya ji ƙan Husaina.” Kafin yamma mata uku sun yi haka. Kamar shekara goma suka yi suna jiran a buɗe musu ƙofa. Hasana ta bi su gida gida ta zazzage musu, har da wadda ta girmi mahaifiyarta. Ba abin da hakan ya gyara.

Ranar Juma'a ta ɗauki Latifa suka hau mota zuwa Kalmalo. Ta shigar da ita ɗakin da aka haife ta, ta zaunar da ita a gaban kakarta, ta gaya mata komai da bakinta, ranar da wata da shekara, ba ta rage ba. Ta gaya mata sunan ubanta da yadda ya rasu. Ta ce, “Nono guda kunka sha da Zulkiflu, na dama naki na. Ba abin da ya canza.” Latifa ba ta yi kuka ba. Ta dubi ƙasa, ta yi tambaya ɗaya.

“To yanzu ina zan zauna?”

Hasana ta ji kamar an zuba mata tafasasshen mai a ƙirji. Ta ce, “Gidanku mana.” Yarinyar ta gyaɗa kai.

Suka koma Illela da wata Latifar dabam. Ta daina musu, ta daina tsere. In za ta shiga ɗakin Hasana sai ta tsaya a ƙofa ta yi sallama ta jira. In an zuba abinci ta ci loma kaɗan daga gefenta ta tsame hannu, ta bar saura kamar yadda baƙo ke yi. Gidan ma ya canza mata. Yari ya riƙa dawowa da alewa daga Konni, ita kaɗai. Aka ja wa Zulkiflu kunne kada ya taɓa ta. Hasana ta daina aikenta, ta daina ɗaga mata murya. Aka fasa mata kwanon tangaran na aurenta, ta ga Latifa tana share ɓaraguzan, ta haɗiye maganar ta ce ba komai. Kan kifi kuwa sai ya zauna a tsakiyar kwano, ita ba ta ɗauka ba, shi yana tsoro ya ɗauka, a ƙarshe kyanwa ta cinye. Azumi ya zo ya wuce a haka.

Kwana huɗu bayan salla, da rana, suna cin tuwo a inuwar zaure. Latifa ta yi lomarta biyar ta janye, ta wanke hannu, ta zo ta durƙusa a gaban Hasana.

“Na gode, Inna. Allah ya saka da alheri.”

Tausayi ya kama Hasana. Ba ta san lokacin da hannunta ya tashi ba, sai ganin shi ta yi a kan kitson yarinyar, yana shafawa a hankali, daga goshi zuwa ƙeya. Latifa ta sunkuyar da kai ta tsaya cik, irin tsayuwar da ta koya a bakin famfo.

Hasana ta dubi hannun nata. Shi ne na sha biyun da ta hana. Wani baƙin ciki ya taso mata, wanda ya fi na ranar makaranta. Hannun ya sauko daga kan ya kama kunne, ya murɗe.

“Godiyar mi? Ni kika ma godiya bisa tuwo? Otal kinka zo? Tashi, mara kunya! Wata biyu kina yawo cikin gida kamar amarya, tukwane na jiran wa? Ni ce baiwarki? Kuma kwanona da kinka hwasa, kin ɗauka na manta? Kwanon aurena!”

Latifa ta fasa ihu. Kukan da ba ta yi a Kalmalo ba ya ɓarke gaba ɗaya, har da shessheƙa. Hasana ba ta saki kunnen ba, ta ci gaba da lissafa mata laifuffuka, na gaske da na ƙari. Can cikin kukan sai yarinyar ta fizge, ta buga ƙafa a ƙasa.

“Ba ni na hwasa ba! Zulkiflu na! Ni sharewa kawai na yi, kuma kullum ni kika ma hwaɗa!”

“Ƙarya kike, mai bakin tsiya!” in ji Zulkiflu, ya miƙe da miya a hannu.

“Kai ne maƙaryaci, mai kan kwakwa!”

Ya kai mata duka, ta goce. Tana gocewa idonta ya faɗa kan kwanon. Kafin ya juyo ta sure kan kifin ta yi waje da gudu, hawaye bai bushe mata ba, shi kuma ya bi ta yana kiran Inna ta gani. Hasana ta zauna a kan turmi. Da suka dawo ta yi wa kowannensu ranƙwashi biyu, ta tura Latifa wanke-wanke.

Washegari ta tono yankakkiyar robar daga ƙasan akwati, ta kai rumfa ta rataye a inda idonta zai riƙa faɗawa.

Latifa ta yi aure a 2022, Yari ne ya ba da ita. Tana koyarwa a wata firamare a Darna Sabon Gari, kuma duk ranar Lahadi takan zo rumfa ta ɗauki kifi ba tare da ta tambaya ba, su yi faɗa a kan wanda ta zaɓa. Maharazu ya aiko mutane sau uku a ba Hasana haƙuri, har da liman. Ta ce ta ji. Har yanzu katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma kullum da safe sai ya bi ta gaban rumfar zai tafi gidan mai unguwa. Yakan yi sallama. Takan amsa, tun da amsa sallama wajibi ne, amma fuskarta tana kan kasko har ya wuce.